Majinyatan Sidi Guda Ashirin

Ranar Laraba ce, ashirin ga watan Babbar Sallah, shekarar da na gama aji biyar, Kawu Isa ya faka tasinsa a bakin lungunmu na unguwar Hindawiyya a Makka ya danna hon sau uku. Ina saman bene ina shanya wanki, rana tana dukan ƙeyata, na leƙo sai na hango shi yana ɗaga wani kwali sama kamar wanda ya ci kofi. Kawu ƙanin Ummata ne, a ranakun nan kuma ba ya samun zama, jigilar alhazai yake yi zuwa Jidda. Tun kafin jarrabawa ya yi mini alkawarin in na ci zai sayo mini abin nan da na ishe shi da zancensa. Wallahi ban san lokacin da na sauko ba, sai ganina na yi a ƙofar gida da jiƙaƙƙen zanin Umma a kafaɗa.

Bari in gaya muku abin da ke cikin kwalin, don har yau in na fara wannan zance sai an riƙe ni. Sojoji ne na roba guda ashirin, dukkansu ƙwarangwal, kowanne bai kai ɗan yatsana tsawo ba. Wasan yaƙi ake yi da su a kan tebur, kai da rundunarka, abokin karawarka da tasa, ana auna tafiyar kowane soja da tef. A wayar Umma na fara ganinsu, na yi ta kallon hannayen wasu mutane suna haɗawa suna fenti, ban jin yarensu amma idona yana ji. Abin daɗin shi ne ba a haɗe suke zuwa ba. Kowace gaɓa tana maƙale a jikin wata raga ta roba: haƙarƙari daban, ƙafafu daban, hannaye rututu har da na ƙari, ga masu, ga garkuwoyi, ga ƙoƙunan kai da ba su kai ƙwayar wake ba. Kai za ka yanko, ka goge, ka manna, har soja ya miƙe tsaye. A lokacin ko sunansu da Hausa ban sani ba, haikal nake cewa kamar yadda malamarmu ta kimiyya ke faɗi a makaranta.

Umma na ganin hoton da ke bayan kwalin ta ja da baya ta dafe ƙirji. "A'uzu billahi! Isa, matattu ka kawo mini gida? A Makka?" Kawu ya ce, "Haba Yaya, roba ce fa." Ta ce roba ko zinariya, ita dai siffa ta gani mai kai da ƙafa, kuma ba za ta zauna da gumaka a ɗakin da take salla ba. Na yi kuka, na yi magiya da Hausa, na juya na yi da Larabci, a banza. Iyakar abin da na samu shi ne jinkirin kwana biyu: ranar Juma'a in Sidi ya dawo daga masallaci za a nuna masa, in ya ce a fitar, kwandon shara za su. Kuma daga yadda ta faɗa na san ta riga ta san amsarsa.

Sidi kakana ne, mahaifin Umma, haka mu yaran Makka muke kiran kaka namiji. A Sudan aka haife shi, iyayensa suna kan hanyarsu ta zuwa hajji daga ƙasar Sakkwato, kuma ɗori gadon gidansu ne. Umma takan ba da labarin yadda ɗakinsa na ƙasan benenmu ke cika bayan aikin hajji da 'yan dakon Mina, wannan ya karye a ƙwauri, wancan kafaɗa ta goce, ita ke kai musu kunu tana yarinya. Amma a zamanina kowa asibiti yake tafiya. Sai ya zama Sidi yana wuni a bakin ƙofa da carbi da butar shayi, in an yi sa'a a kawo masa yaron da ya yi targaɗe a wajen ƙwallo. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa faɗin sunana ba, Uwata yake cewa. Duk da haka ina shakkarsa, don mutum ne da ko hoton kalanda sai ya juya shi bango.

Na ce a raina, tunda za a zubar, bari dai in gan su a tsaye ko sau ɗaya. Ranar Alhamis bayan la'asar na haye sama na ɓuya a inuwar tankin ruwa. Abin yanke farce na Umma ne almakashina, reza ce wuƙata, gam kuwa irin mai kama nan take na sayo a kantin Bayamanen da ke kan kwana. Sau biyu yatsuna suna mannewa da juna, sai da na sa haƙori. Sauri nake yi kamar ana kora ta, duk hannun da na damƙa in dangwala gam in liƙa. Na tsayar da goma sha biyu a kan tiren shayi, ina kallonsu ina jin babu sarauniya kamata, sai na ji tari a bayana. Na manta shaf cewa lokacin nan ne Sidi ke hawowa ya watsa wa tattabaru hatsi.

Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da idonsa, ya juya shi gaba da baya. Na ga fuskarsa tana ɗaurewa, na ce shi ke nan, ba sai an kai Juma'a ba. Sai ya ce, "Uwata, wa ya yi wannan ɗorin?" Na ce ni ce. Ya ce, "Innalillahi. Hannun hagu biyu kika ba bawan Allah! Wannan kuma gwiwar hannunsa gaba take kallo, da me zai ci tuwo?" Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsaki, cikin sha biyun uku kaɗai suka tsira. Ya kama hannuna ya sake shi ya yi lilo, ya ce in duba da kyau: "Babban yatsa gida yake kallo, ba ya kallon daji." A nan ne kuma na fara jin kalmar ƙwarangwal, ya sa na yi ta maimaitawa har harshena ya daina tuntuɓe.

Daga nan ya zauna dirshan a kan siminti ya naɗe hannun riga, ya aike ni in kawo zare da tsinken sakace da ruwan zafi a kofi. Abin da ya fara yi shi ne ya kama hannun soja na farko ya ɓalle shi, ƙas! Ya ce, "Ɗorin da ya karkace, sai an sake karyawa." Ya kankare busasshen gam da reza a hankali, ya gwada gaɓar a mazauninta sau uku kafin ya yarda a sa gam, kuma ɗigo ɗaya tak, da bakin tsinke. Sannan ya tsaga tsinken sakace siriri ya yi karan ɗori, ya naɗe da zare. Hannayen nan da nake gani suna rawa in ya ɗauki kofin shayi, ranar ko kaɗan ba su yi rawa ba. Yana yi yana kiran sunayen: wannan damtse, wannan sangali, wannan allon kafaɗa. Da ya gama na farko har ya yi bisimilla zai tofa masa addu'a saboda sabo, sai ya tuna, ya dube ni na dube shi, muka fashe da dariya har tattabaru suka tashi.

Ranar Juma'a Umma ta shiga ɗakin ƙasa da kwanon abincin Sidi, ni ina bayanta. Ta tarar da sojojina a kwance a jere kan tire, an shimfiɗa musu hankici, tara a cikinsu da karan ɗori. Ta ce, "Baba, ka ga abin da Isa ya kwaso mana?" Ya ce, "Na gani. Majinyata ne." Ta buɗe baki za ta yi magana, ya riga ta: "Tun kina kai kunu ɗakin nan, kin taɓa ganin na sallami mai karaya ba a kwance ɗori ba?" Ta ce a'a. Ta tambayi kwana nawa, ya ce arba'in, kamar kowa. Na ga gefen bakinta yana motsi tana danne dariya, amma Umma ba ta faɗuwa a banza. Ta ce ta yarda da arba'in, da sharaɗin babu kan da zai zauna a wuyan kowa, don a wajen karatunsu na mata ta ji cewa siffa in babu kai ta tashi daga siffa. Sidi ya ce, "Ni dama ba na ɗorin kai." A ranar na ciccire kawunan da na manna, na zuba su da sauran a gwangwanin alewa.

Haka na mallaki runduna marar kai, kuma ban taɓa jin daɗin hutu kamar wannan ba. Sauran takwas ɗin tare muka haɗa su, ɗaya a rana, don ya ce gaggawa ce ke gurgunta mutum. Da na shafa musu farin fenti ya girgiza kai ya ce ƙashin da ya kwana biyu ba ya fari haka, ya tsoma tsinke a shayinsa mai kauri ya bi tsakanin haƙarƙarin, nan take ramukan suka fito. Yashin lungu muka tankaɗe da rariyar Umma muka manna a ƙarƙashin ƙafafunsu. Wata rana na manta su a sama, zafin Makka ya lanƙwasa masun sojoji huɗu, ya tsoma su a ruwan zafi ya miƙe su da yatsa kamar yana gasa targaɗe. Kawu Isa ne abokin gabana, rundunarsa murafun kwalba da ƙwallayen dabino, filin daga kuma dardumar falo, tef ɗin ɗinkin Umma ne ma'auninmu. In ya ga zai sha kashi sai ya ce ai sojan da ba shi da ido ba ya ganin inda zai soka.

Ranar kwana talatin da tara, soja ɗaya ya faɗo daga kan taga ya karye a cinya. Na rantse ba ni na ture shi ba, kuma ban tambayi Sidi inda gwiwar hannunsa take a lokacin ba. Aka sake ɗori, aka sake ƙirga arba'in. Kafin su cika wani ya goce a kafaɗa. Umma takan wuce ta ce, "Wannan asibitin naku ba ya sallama ne?" Sidi ya ce, "Sauƙi na Allah ne."

Yanzu muna unguwar Utaibiyya, ina da almakashi na musamman, da gam mai narkar da roba, da sojoji fiye da ɗari, ina ma koya wa wasu 'yan mata ta waya yadda ake yi. Abin da a da ke cin mini wuni yanzu kafin shayi ya huce na gama, sai dai babu mai yi mini tsaki a kan kafaɗa. Sidi ya rasu shekara huɗu ke nan, Allah Ya jiƙansa, ya bar soja ɗaya da karan ɗori a ƙwauri. Da za mu tashi daga Hindawiyya, Umma ce da kanta ta naɗe ashirin ɗin a ɗankwalinta ta riƙe su a cinya cikin tasin Kawu. Kwanan baya na ga zaren ya yi dauɗa na kai hannu zan warware, ta buge mini hannu ta ce, "Wanda ya ɗaura shi ke kwancewa." Na janye hannuna. Arba'in ɗin nan, ni da ita babu mai son ta cika.