Baffa da Shanun Cikin Tabarau

A wani asibiti a Gummi, inda nake jinyar kawuna, akwai wani tsohon Bafulatani a gadon bakin taga. Ban san sunansa ba, na dai ji nas Mardiyya tana ce masa Baffa. Dogo ne, ƙashi da fata, sandarsa kwance a gefensa kamar ita ma an ba ta gado. Ciwon daji ke cin ƙugunsa. Ba ya kuka, sai dai ya ciji wuyan rigarsa.

Kullum bayan allura nas takan ɗaura masa wani ƙaton tabarau mai kama da gwangwanin kifi. Wai a cikinsa mutum yana ganin wata duniya, hankalinsa ya bar ciwo. Wasu teku ake nuna musu. Shi yau makiyayar Turawa aka sa masa.

Sai ga mutumin da ko juyi ba ya iyawa ya tashi zaune, yana lalubar sanda.

"Ɗiyata, wa adda shanun ga? Ba tozo, ba ƙaho, kuma an bar su ba kowa!"

Ya gama zagin mai su, sannan ya shiga kiransu ɗaya bayan ɗaya da Fulatanci, murya ƙasa ƙasa. Ina jin sunayen nasa shanun ne, waɗanda wataƙila ɓarayin daji suka daɗe da korawa.

Nas ta sunkuya ta ce, "Baffa, ya ciwon?"

Ya ɗaga sanda, saura kaɗan ya kwaɗe robar ƙarin ruwa.

"Ce mai shi jira. Waccan baƙar ta nufi gonar mutane."