Jirgin da Muka Saya da Rago

Ranar wata Asabar ce da hantsi, ƙarshen damina, a shekarar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Maiduguri. Ina tsaye a barandar wani Bature mai haƙa rijiyoyin burtsatse, igiyar rago a hannuna, ragon yana ta fizgata zai je ya ci furannin mutane. A kan tebur akwai jiragen sama biyu na wasa, irin waɗanda ake sarrafawa daga ƙasa da akwatin rediyo, tsawon kowanne bai kai taɓarya ba. Ɗaya ja ne wur, siriri, mai tsinin hanci, fukafukansa a ƙarƙashin ciki. Ɗayan ruwan ƙwai ne da ya koɗe, mai tumbi, an ɗaure masa fukafukai a gadon baya da roba, kuma sun ɗan ɗaga sama daga tsakiya zuwa gefe. Baturen zai koma ƙasarsu yana rabuwa da kayansa, mahaifina kuwa, wanda muke kira Baffa, ya daɗe yana kai wa sansaninsu raguna, shi ya sa aka shirya musaya: rago ɗaya, jirgi ɗaya. Abin da ya rage shi ne a zaɓa.

Ba don sha'awar wasa Baffa ya zo wurin ba. Mu asalinmu makiyaya ne, kakana ne ya sayar da garkensa ya zauna a gari, Baffa ya tashi dillalin dabbobi, ni kuma ni kaɗai ne namiji a gidan. Gidanmu a Moduganari rabinsa na mutane ne, rabinsa na tumaki. Kafin in tafi makaranta sai na share turke, na jiƙa dusa da kanwa, na ɗebo ruwa na cika kwamin sha, in na dawo kuma ga yankan ciyawa yana jirana. Amma hankalina ba ya kan dabba. Duk gwangwanin da na tsinta sai na yi masa ƙafafu, agogon Baffa ma na taɓa buɗe shi na sha duka. Hedimasta ya zo har gida yana roƙon a bar ni in shiga makarantar koyon sana'a in koyi aikin inji idan na gama firamare. Baffa kuwa ya riga ya tanadar mini wuri kusa da shi a kasuwar dabbobi. Da maganar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai ya yanke ta yadda yake yanke ciniki. Ya ce tunda na ce inji nake so, ga inji nan. Idan na tashi jirgin nan na dawo da shi ƙasa lafiya a gaban idonsa kafin hada-hadar ragunan layya, in tafi makarantata. In ya gagare ni, kasuwa, kuma kada hedimasta ya sake taka masa zaure.

To a barandar nan Baffa ya shiga duba jiragen kamar yadda yake duba dabba. Ya zagaya su, ya ɗaga wutsiya, ya latsa ƙirji, ya murza tayoyi. Tun kallon farko jan ya shiga ransa. Baturen ya girgiza kai, ya ce da Hausarsa mai tuntuɓe, ja na gwani ne, wannan mai tumbin shi ne na mai koyo, ba ya sauri, yana haƙuri da mutum. Ya fita da mu filin bayan gidansa, ya tsiyaya wa mai tumbin mai, ya kaɗa farfelar da yatsa har injin ya kama da wani kuka mai shiga kunne, ya wurga shi sama. Akwatin rediyon maɓalli ɗaya ne da shi: ka danna sau ɗaya jirgi ya yi dama, sau biyu ya yi hagu. Da gangan ya danne maɓallin har jirgin ya karkata kamar zai faɗo, sai ya ajiye akwatin a ƙasa ya harɗe hannuwa. Muna kallo jirgin ya yi tangaɗi, ya daidaita kansa, ya ci gaba da tafiya ba mai taɓa shi. "In ka rikice, saki," in ji shi. Na nuna mai tumbin na ce shi nake so. Baffa ya dube ni ya ce, "Wato ga doki, kai jaki ka gani." Amma ya miƙa igiyar ragon.

Kwana biyu jirgin ya yi a kan gadon Baffa, shi kuwa Baturen ya kama hanyar Kano. Baffa mutum ne mai alfahari da idonsa. Daga nesa yake gane ragon da ke ɓoye ɗingishi, kuma bai taɓa shigo da dabba mai aibu gida ya bar ta da aibunta ba. Ranar nan na same shi ya ɗora jirgin a kan turmi, ya tsuguna ta gabansa, ya rufe ido ɗaya yana aunawa. Ya kira ni ya nuna mini yadda fukafukan suka ɗaga, ya ce an bar shi ne a ɗaki mai zafi har ya kantare, ga kuwa jirgin gaske muna ganinsa yana wucewa da fukafukai a miƙe. Mahaifiyata, Inna, tana tankaɗe a gefe, ta ce ita dai haka ta ga ya shigo gidan. Baffa ya ce, "Wane mai sayarwa ne ya taɓa nuna miki aibun kayansa?" Washegari ina makaranta ya naɗe fiffiken a tsumma ya kai wa maƙwabcinmu Ba Modu kafinta. Shi Ba Modu gwani ne, ya tsaga tsakiyar a hankali, ya sa tsinke da ƙaro ya haɗe, fiffiken ya fito a miƙe sambal kamar katakon benci. Na yi murna ƙwarai. Na durƙusa na yi wa Baffa godiya, a makaranta kuma na cika yara da labarin cewa ubana ya gano abin da Bature bai gani ba.

Daga nan wahala ta fara, kuma in na tuna watannin nan har yanzu ƙafafuna ne ke fara yi mini nauyi. Duk Asabar, in na gama da tumaki, ni da Kyari ɗan Ba Modu mukan ɗauki jirgi da akwati da gwangwanin mai mu nufi wajen Bulumkutu, wanda a lokacin fili ne fetal, daga aduwa sai ƙarangiya sai gonakin da aka girbe. Tayar da injin kaɗai aiki ne. In kaɗa farfela har hannuna ya sage, in ya ga dama ya kama ya fasa mini yatsa, in bai ga dama ba mu zauna a rana muna shaƙar warin mai. Idan ya kama, Kyari ya ruga da shi ya wurga. Jirgin ya ɗan hau, in danna maɓalli, ya karkata, in saki kamar yadda aka koya mini, shi kuwa ya ci gaba da karkata har ya yi juyi ya caki ƙasa da hanci. Sai mu bi shi cikin ƙaya mu tsinto gutsattsarinsa. Kyari yakan ce da harshensa na Barebari, "Buba, wannan jirgi naka ƙasa yake so, ba sama ba." Da farko muna dariya. Daga baya ko magana ba ma yi a hanyar dawowa, kowa yana cire ƙarangiya daga wandonsa.

Tsakanin Asabar da Asabar gyara ne. Itacen jirgin ba shi da nauyi, kamar ɓargon kara, kuma babu irinsa a garin, don haka da karan dawa da tsinken tsintsiya nake ɗori. Inda fatar jikinsa ta yage Inna ta ba ni tsohon ɗankwalinta na liƙa da ƙaro. Yaran unguwa suna langa da gare-gare a ƙofar gida, ni ina zaure da tukunyar ƙaro, ƙuda na bina. Kowane gyara yana ƙara masa nauyi, kowane nauyi yana sa ya faɗo da wuri. Na zargi iska, na zargi batir, na zargi Kyari da wurgin banza har muka yi kwanaki ba ma gaisawa. A ƙarshe na koma zargin yatsana, tunda da idona na ga jirgin nan ya tashi lafiya a hannun mai shi. Ko sau ɗaya tunanina bai je kan fiffiken ba, abin da Baffa ya gyara ai gyararre ne. A aji barci nake yi. Man da ke gwangwanin yana ta ja baya, ba kuma inda za a samo wani, ina girgiza shi a kunne ina jin yadda makarantar ke nisa da ni.

Ranar ƙarshe ta zo cikin zafin bazara, motoci sun fara sauke ragunan layya. Man da ya rage na tashi ɗaya ne. Baffa ya bar kasuwa tana ci, abin da ban taɓa gani ba, ya sa babbar rigarsa mai aiki ya biyo mu a ƙasa har filin. Injin ya kama ba gardama, kamar ya san da baƙo. Jirgin ya hau fiye da yadda ya taɓa hawa, har na ji Baffa yana cewa ma sha Allah a bayana. Sai ya fara jingina hagu. Na saki maɓallin, na ma ajiye akwatin a ƙasa na harɗe hannuwa kamar Baturen, ina jira. Bai daidaita ba. Ya yi juyi biyu ya shige cikin aduwa, fiffike ɗaya ya faɗo daban. Baffa da kansa ya shiga ƙayar, rigarsa tana kamawa, ya tattaro guntayen ya zuba a hannun rigar. Bai yi faɗa ba, bai kuma yi murna ba. Ya dafa kaina ya ce, "Ka yi ƙoƙari, Buba. Hannunka ba na wannan ba ne, kuma ba laifi ba ne." Gaskiyar magana, abin da na fara ji a lokacin ba baƙin ciki ba ne. Daɗi na ji cewa Asabar mai zuwa ba zan sake taka wannan hanya ba.

Haka na shiga kasuwa, kuma ban yi asara a cikinta ba. Na ci na sha, na aurar, na sauke farali, na binne Baffa da Inna da mutuncinsu. Sai dai maganar nan ta zauna mini. Rediyo in ya lalace ba na buɗe shi, mota ban taɓa koya ba, ko fitila ta ƙi kamawa sai in miƙa wa yaro in ce hannuna ba na wannan ba ne. Na faɗa har ta zama abin tsokana a gidana, jikoki suna rigana faɗa.

Bana, na haura saba'in, jikana Sadiƙu ya matsa sai na raka shi sayen irin wannan jirgi a shagon wani matashi a Bulumkutu. Muka shiga keke napep. Filin da muka sha ƙaya babu ko alamarsa, gidaje ne da shaguna da hayaniya, aduwar ma ban ga ko ɗaya ba. Jiragen yanzu na soso ne, batir ke tuƙa su, in sun faɗi ba sa karyewa. Sadiƙu ya miƙa hannu kan wani ja, na yi dariya a raina. Mai shagon ya ce masa a'a, mai koyo jirgin da fukafukansa ke sama yake ɗauka, ya ciro wani fari ya nuna yadda suka ɗaga daga tsakiya. Ya ce wannan ɗagawar ita ce ke dawo da jirgi daidai in ya karkata, ko da mutum ya saki. Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na tambaye shi, to in wani ya sa aka miƙe su fa? Ya ce, "Ai an kashe shi ke nan, Baba. Ko gwani ne sai ya sha wuya, bare yaro." Na nemi benci na zauna.

Na zaci zan ji haushin Baffa, amma ban same shi ba. Abin da ya zo mini shi ne hotonsa yana naɗe fiffiken nan a tsumma, yana kai wa kafinta da sassafe, don kada ɗansa ya fara da abu mai aibu. Mutumin da ke son in zauna a kasuwa, da ya so cutata ai da ya bar ni da jan. Da iyakar saninsa ya taimake ni, ya kuma rasu yana ganin ya yi mini adalci. Sai wata gajiya ta sauko mini, irin ta hanyar dawowa daga filin nan, na yi kewar Inna da maganarta da ba wanda ya saurara.

Da muka isa gida Sadiƙu ya ɗora jirgin a kan tebur, ya tsuguna ta gabansa, ya rufe ido ɗaya. Bai taɓa ganin Baffa ba, amma wallahi tsugunonsa ne. Ya ce, "Kaka, anya kuwa? Ni fa kamar a kantare nake ganinsu." Na ce ya bar su yadda suka zo, ya kuma miƙo mini akwatin in gani. Na riƙe shi na daɗe ina kallon yatsuna. Ashe tun can ba abin da ya sami hannuna.