Lasin Koyo da Ranar da Dattawa Suka Ɓuya

Shekaru sun ja, kuma ba zan rantse cewa duk abin da zan faɗa haka ya faru daki-daki ba. Mai yiwuwa na sa wata magana a bakin wanda bai faɗe ta ba, ko na haɗa safiyar wata rana da ta wata. Amma gundarin abin, wato yadda na kusa rasa aiki a ƙasar Nijar saboda lasin babur, da yadda dattawan wata unguwa a Shagari suka fitar da ni, wannan kam ba zan manta da shi ba muddin ina numfashi.

Wajen ƙarshen Jamhuriya ta Biyu ne, lokacin da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Na gama jami'a a fannin aikin gona, ina aikin malamin gona a Bodinga, ina zagaya fadamun Danchadi da Dingyadi. Albashi ya fara nawa, taki ya daina zuwa, kullum kuma sai ka ji raɗe-raɗin za a rage ma'aikata. Ina da mata, 'yar Shagari ce, ga jariri a hannu. Ana cikin haka wani abokin karatuna ya yi mini hanyar aiki a wani shirin inganta irin albasa, can ƙetaren iyaka, a yankin Birnin Konni. Sun ce in zo da zarar ruwa ya ɗauke, lokacin zuba iri. Za su ba ni babur na shiga ƙauyuka, amma ba sa miƙa shi sai ga mai lasin ƙasarsu.

Ni kuwa lasin koyo kawai nake da shi. Na daɗe ina hawan ƙaramin babur ɗina da jan harafin nan na 'yan koyo a gaba da baya. Duk sanda takardar ta ƙare sai in je in sabunta ta, in ce wa kaina ban gama ƙwarewa ba tukuna, bari in ƙara 'yan watanni. Har 'yan kasuwar Bodinga suka laƙaba mini Malam Lana, wato ɗan koyo da Turanci. Wani tela da ke bakin hanya, in ya hango ni tafe a hankali, sai ya ce wa masu jakuna su yi haƙuri su rage gudu kada su tsorata Malam. Ina ji, ina murmushi. A ganina a lokacin, wanda ya ce yana koyo ba ya yin ƙarya ko da ya faɗi.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi: in kai takardar koyona can, su karɓa, su ba ni irin tasu. Na shiga mota na je Konni musamman don haka. Jami'in da na samu a ofishin mutum ne mai haƙuri, ya juya takardar gaba da baya, ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce, "Malam, wannan takarda cewa ta yi kana koyo. In na canza maka ita, me zan rubuta? Cewa ka iya?"

Ya yi mini bayani cewa cikakken lasi ne kawai suke musanyawa. Mai takardar koyo sai dai ya fara daga tushe a wurinsu, ya yi karatun dokokin hanya da Faransanci, ya jira layinsa. Ni ko gaisuwa ban iya da Faransanci ba, kuma kafin in kai ga gwajin, ina zato an riga an dasa albasar an ba wani aikin. Shawararsa ita ce in koma gida in ci gwajin ƙasata, in dawo masa da cikakken lasi.

Na dawo na yi ta tambaya. A birni an ce layi ya yi tsawo sosai, ban san iyakar gaskiyar wannan ba. Amma na samu labarin mai gwajin tuƙi zai zo Bodinga, washegari ya wuce Shagari, daga nan kuma ba a san ranar dawowarsa ba, don ko man motar ofis ya zama abin nema a lokacin. Na sa sunana. Na wanke babur, na ɗaure madubi, na duba birki har sau nawa ban sani ba.

Mai gwajin mutumin kudancin ƙasar nan ne da ya daɗe a Sakkwato, Hausarsa ta zauna sosai. Ya jera gwangwanaye a fili kusa da tasha, ya ce kowa ya ratsa tsakaninsu, ya hau titi, ya miƙe har wani gindin durumi da ake hange, ya nuna hannu ya juyo. Sharaɗi ɗaya ya nanata: kada wanda ya tsaya ko ya sa ƙafa ƙasa sai ya dawo gabansa. Gwangwanayen na wuce su lafiya. Na hau titi ina jin daɗi, har na fara tunanin ashe tsoron banza nake yi duk shekarun nan.

Sai da na kusa durumin na ga wanda ke zaune a ƙarƙashinsa. Baffana ne, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifin nawa, shi da abokansa a kan tabarma. Wanda ya tashi a wajenmu ya san ba a wuce babba a kan abin hawa. Ko jaki ne, ko keke, ko babur, sauka ake yi, a tuɓe takalmi, a durƙusa. Tun ina ƙarami aka dasa mini wannan, kuma ban taɓa saɓawa ba. Ba zan ce na yanke shawara ba, domin ban yi tunanin komai ba. Kawai na ga na taka birki a tsakiyar titi, ba nuna hannu ba komai, na kashe inji, na kafe babur, ga ni durƙushe ina cewa Allah ya ja zamanin Baffa, an wuni lafiya. Wata motar albasa da ke bayana sai da ta sauka gefen titi, direban yana ta danna oda.

Baffa ya amsa gaisuwa a natse, ya tambayi maijego da jariri, sannan ya ce, "To ina zuwa haka da rana tsaka?" A nan ne na tuna inda nake.

Mai gwajin bai yi faɗa ba. Ya ce ya ga abin da na yi, kuma ya san dalili, amma da direban nan bai kauce ba da yanzu wata maganar ake yi. "Titi bai san baffa ba, Malam," in ji shi. Ya ce ban ci ba. Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa ko roƙo ban yi ba. Na tura babur da hannu na bar wurin, telan nan yana ce wa jama'a Malam Lana ya ci jarrabawar ladabi, saura ta babur.

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, daga baya aka ba ni labari. Wai Baffa da ya ji abin da gaisuwar ta jawo, sai ya ɗauki sandarsa ya taka har tasha. Bai ce a yi mini alfarma ba. Ya dai ce wa mai gwajin shi ya koya wa yaron nan wannan ɗabi'a, don haka yana son ya san abin da doka ta ce game da wanda ya faɗi. Mai gwajin ya ce doka ba ta hana mutum sake gwadawa a zama na gaba ba, zama na gaba kuwa gobe ne a Shagari. Baffa ya yi godiya, ya aiko a gaya mini in shirya.

Da na faɗa wa matata, dariya ta fara yi, sannan ta tsaya. Ta tambaye ni ko na san inda ake yin gwajin a Shagari. Na ce a'a. Ta ce titin da ke bi ta ƙofar gidansu ne, kuma babu safiyar da babanta ba ya zama a gindin wata ceɗiya da ke bakin titin da abokansa. Ta ce, "In baffanka ya sauko da kai, shi Baba ai sai ka kwanta a titi." Ni ban ga abin dariya ba. Baffa dai nawa ne, in na wuce shi zan iya komawa in ba shi haƙuri. Amma suruki? Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ko sunana bai taɓa kira ba saboda kunya? In wuce shi a kan babur da takalmi a ƙafa, mutanen unguwa suna kallo? Na auna aikin Nijar, na auna wannan, kuma gaskiya ban san wanda zai rinjaya ba in lokacin ya zo.

Na yi sammako na isa Shagari da niyyar in fara zuwa gaida shi, ko Allah zai ba ni bakin yi masa bayani, ko da yake ban san ta inda mutum zai fara ce wa surukinsa zan wuce ka anjima ba. Na yi sallama a ƙofar zaure. Wani ƙanen matata, magidanci ne, ya fito ya ce Baba ba ya nan, ya tafi fadama. Ga takalminsa kuwa ina gani a bakin ƙofa, ga jakinsa ɗaure. Na ce shi ke nan, labarin jiya ya iso, ya ji kunyar a ce mijin 'yarsa mai digiri ya kasa gwajin babur, ba ya son ganina.

Da wannan nauyin na hau babur da aka kira sunana. Na ratsa gwangwanaye, na hau titi. Na hango ceɗiyar. Tabarmi na shimfiɗe kamar kullum, ga butoci, ga wani carbi a kan buzu, har da ƙoƙon fura da ba a gama sha ba. Amma babu mutum ko ɗaya. Na dubi ɗaya gefen, inda limamin unguwa kan zauna a ƙofar masallaci, nan ma wayam. Tsohon da ke sayar da goro ya bar farantinsa a rufe da algarara. Duk tsawon titin nan babu mai furfura, sai mata da ke leƙe ta ƙofofi da samari da suka jeru suna ƙunshe dariya.

Ban gane ba sai da na zo daidai gidan. A saman zanan da ya kewaye gefen zaure na ga ƙololuwar wata farar hula da na sani sarai, da wasu huluna a gefenta. Ashe sun kasa haƙura, suna leƙe ta ɓular zana. Ƙafata ta tafi kan birki da kanta. Injin ya fara shaƙewa, babur ya fara tangaɗi, saura kaɗan in sa ƙafa ƙasa. Sai na ji muryar surukina daga bayan zana, da ƙarfi, irin yadda ban taɓa jin ya ɗaga ta ba. Ba da ni yake ba, ai ba zai yi magana da ni kai tsaye ba.

"Ku ce ma mai babur ɗin can shi wuce. Babu kowa nan!"

Na ja mai. Na nuna hannu, na juyo a inda aka ce, na dawo ta gaban zanan nan idona a kan titi. Ban san yadda na ga hanya ba, don ƙwalla ta cika mini ido. Na tsaya a gaban mai gwajin, na sa ƙafa ƙasa. Ya daɗe yana kallon titin, sannan ya tambaye ni, fuskarsa ba alamar wasa, ko garin nan ba su da tsofaffi ne. Na ce akwai, ranka ya daɗe, ina jin sun tafi fadama. Ya ce to Allah ya ba da albarkar noma, na ci.

Ashe tun jiya da la'asar Baffa ya ba da saƙo zuwa ga surukina, kuma telan nan mai tsokanata shi ya hau motar kasuwa ya kai. Surukina kuwa ya bi abokansa gida gida ya ce gobe da hantsi kowa ya san inda zai shige.

Na ajiye babur a tasha, na tako da ƙafa, na tuɓe takalmi tun daga nesa. Kafin in iso sun koma kan tabarmi kamar ba abin da ya faru, mai fura ya ci gaba da shan furarsa. Na durƙusa na gaishe su. Surukina, yana kallon gefe, ya ce yanzun nan ya dawo daga fadama, an ce masa baƙi sun zo gwajin babur, ko an gama? Na ce an gama. Ya ce madalla. Har ya rasu bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa samun bakin yi masa godiya a fili ba, kuma wannan yana damuna har yau.

Lasin ya ɗan jinkirta kafin ya fito, amma ya riski lokacin zuba iri. Na kai wa jami'in nan na Konni, ya gane ni, ya ce yanzu ya san abin da zai rubuta. Aikin nan shi ya riƙe gidana a shekarun da abokan aikina da yawa suka rasa nasu, kuma da shi yarana suka yi karatu.

Abin da na koya, in har na fahimce shi daidai, shi ne dattawan da suka koya mana sauka ba don su ga mun durƙusa suka yi ba. Ranar da durƙuson zai hana ɗansu abinci, su da kansu suka tashi daga inuwarsu suka laɓe a bayan zana kamar yara. Yanzu ni ke zama a gindin bishiya, kuma in na hango matashi ya fara rage gudu a tsakiyar titi saboda ni, tun daga nesa nake ɗaga masa hannu ya wuce.

Yawancin waɗanda suka ɓuya a ranar sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama. Amma samarin da suka jeru a titin suna nan, sun zama dattawa. In ɗayansu ya karanta wannan ya ga na yi kuskure, ko na manta wani da ya kamata a yi wa addu'a, don Allah ya aiko mini da gyara. Musamman ina son in san hulunan su wane ne a gefen ta surukina, domin ni tasa kaɗai na iya ganewa.