Tambayar da Ta Kai Mu Doguwa

Mun tashi daga Bebeji ana idar da sallar asuba, ni da wata ma'aikaciyar lafiyar ƙwaƙwalwa da direbanmu. Saƙo ne ya zo daga wata ruga a ƙasar Doguwa: wani dattijo, tun da annoba ta ƙarar masa da shanu, ya daina cin abinci, ya fara rabar da kayansa. Aikin nata ne. Ni tsohon ma'aikacin jinya ne, furfurata da Fillancina aka ara.

A Kwanar Dangora muka karya. Na ci ƙosai a Garwa, na ci a Kumasi, ban taɓa ganin wanda ya rame kamar na bana ba, kuɗinsa kuwa sai ƙiba yake. Daga Tudun Wada masara ta rufe hagu da dama, direba na ta kauce wa ramuka har muka ratsa dajin Falgore.

Da hantsi muka sami dattijon a gindin ɗorawa. Duk abin da aka tambaye shi, "Jam," wato lafiya lau. 'Ya'yansa maza uku sun yi makonni suna gadinsa daga nesa, kunya ta hana su ko haɗa ido da shi. Abokiyar tafiyata ta duba shi, ta tambayi barcinsa, sannan ta ja ni gefe.

"Baba, saura tambaya ɗaya. Ya yi jika da ni, in ta fito daga bakina jam zai ce."

Na matsa kan tabarmarsa, na ce da Fillanci, "Sa'ana, tunanin kashe kanka kake yi?"

Ya dube ni, ya ce, "Kai ba ka da kunya ne?"

"A Bebeji na baro ta."

Ya yi guntun murmushi, sai ga hawaye. Ya ce, "Wata biyu, ba wanda ya tambaye ni." Ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini kwalbar maganin feshi.

Ba mu tashi ba sai da ya sha fura, babban ɗansa ya yarda ya riƙa kwana a bukkar uban, aka kuma tsayar da Laraba za a kai shi asibiti.

Da magariba muka shigo Bebeji, kwalbar na cikin jakata. Na zaga ƙasashe, ko'ina na ga ana girmama tsoho da shiru, kuma shirun nan ya kusa cinye mana wannan. Na ce wa direba ya duba tayoyinsa. Ranar Laraba mu za mu ɗauko dattijon.