Aikin da Garba ya koya wa na'ura

Shekara da shekaru ina faɗa cewa ba a kyauta wa Garba ba, ana ce mini maigadi ya tsaya bakin ƙofarsa. To, ranar kasuwar Warra wani ɗan kabu-kabu ya tsaya a gabana ya ce kwalekwale ya kife, Garba na ciki. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tare muka yi aiki a shagon intanet na Alhaji a Yelwa, ni gadi da tayar da janareta, shi kula da kwamfutoci. Ban yi boko ba, kuma shi kaɗai ne idan na yi tambaya yake juyo da kujera ya amsa. Kullum da safe nakan gan shi yana buga sunaye ɗaya bayan ɗaya, yana kwafe lambobi. Na ce wannan wace wahala ce? Ya ce, "Baba, kowane shafin intanet da sunansa da lambarsa. Mutum suna yake riƙewa, na'ura kuwa lamba ta sani. Layinmu ba ƙarfi, gara in tanadar mata lambobin kafin jama'a su zo."

Wata rana ya kira ni yana dariya. Ya rubuta wa na'urar 'yan layuka, ita ke bin sunayen da kanta tana ɗauko lambobin, kafin shayi ya huce ta gama. Na ce, "Kada ka nuna wa Alhaji." Ya ce, "Haba Baba, abin da zai sauƙaƙa wa mutane ai ba na ɓoyewa ba ne." Ya nuna. Bayan sallah Alhaji ya ce mutum biyu sun yi wa shagon yawa, ya sallami Garba, ya bar ƙanen matarsa da suke aikin tare. Garba ya tattara kayansa. Ya ba ni rigar ruwansa, ya koma Warra yana ƙetarar da fasinja a kwalekwalen kawunsa.

Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba innarsa da matarsa haƙuri, Ya raya marayun da ya bari.

Alhaji, har yau idan na tayar da janareta, layukan Garba ke fara aiki a shagonka, kai kuwa ko ta'aziyya ba ka je ba. Innarsa ta riƙe gefen rigata ta tambaye ni laifin da ɗanta ya yi aka sallame shi, na sunkuyar da kai. Gobe zan koma addu'ar bakwai, kuma za ta sake tambaya. Ka fito ka gaya mini abin da zan ce mata.