Makeron Karen Baba

A gidanmu na unguwar Asawase a Kumasi, mahaifina ne kaɗai yake kula kare. Tumaki yake kiwo a bayan gida, karen ke tsaronsu. Bai taɓa barinsa ya shigo tsakar gida ba, amma bai taɓa cin tuwo bai rage masa ba.

Da daminar shekarar da na gama koyon ɗinki, gashin karen ya fara zubewa a kunne da ƙafar gaba. Tabo-tabo ne zagayayyu, tsakiyarsu kamar an barbaɗa toka, gefen kuma ja. Maƙwabcinmu bakanike ya ce a shafa masa baƙin mai.

Baba ya tsuguna ya daɗe yana dubawa.

"Wannan ya yi kama da makeron da kuka yi kuna yara," ya ce mini. "Ku ban shafa muku baƙin mai ba."

Babu direban trotro, motar haya, da ya yarda ya ɗauke mu da kare. A ƙafa muka je asibitin dabbobi da ke wajen Oforikrom, ina riƙe da igiya, Baba yana ɗingisa ƙafarsa mai ciwo. Likitar dabbobin, wata Ba'asantiya, ta kankari ɓawon fatar ta duba, ta ce makero ne, kuma yana kama mutum. Ta ba mu sabulun magani da man shafawa da safar hannu.

"Papa, ku ƙone buhun da yake kwana a kai," ta ce da Hausarta ta kasuwa. "Ko gashi ya fito, kada ku daina sai na sake ganinsa."

Daga nan duk ranar wanka ni ke riƙe karen, Baba ya sa safa ya cuɗa shi, mu jira kumfar ta jiƙa fatar kafin a ɗauraye. A zaman jiran nan na ji labarin ƙauyensu na arewa, da yadda ya iso Kumasi a bayan motar goro. Da karen yake magana, ni dai ina saurare. Ban taɓa jin ya yi hira mai tsawo haka da ɗayanmu ba.

Kafin damina ta ɗauke, gashi ya rufe tabon, likita ta sallame mu. Na ji daɗi, amma a raina na so a ce da sauran wanka.

Ina gidan aurena a Tamale Baba ya rasu. Yayana ya sayar da tumakin, ya ba wani manomi karen. Bara da na je gida, na tarar an gina ɗakunan haya a bayan gidan. Na tambayi wane ƙauye aka kai karen. Babu wanda ya tuna.