Gatarin Yaya Sale Daga Guangzhou

Kano

Ƙarfe huɗu da minti arba'in na asuba na bar gida a Ƙofar Mazugal. Yayana Sale ne ya raka ni tasha. Shi mafarauci ne, da rani sukan yi sati uku a daji shi da abokansa, su kafa bukka, su yi girki da icen da suka sara. Bara kan gatarinsu ya fashe ana tsakiyar faskare, ɓarin ƙarfen ya shiga ƙaurin abokinsa Mati, sai da suka yi kwana biyu suna ɗauke da shi kafin su kai titi. Har yau Mati yana ɗingishi.

A bakin mota Yaya ya miƙo mini takarda da ya zana gatari mai baki biyu, irin wanda ya taɓa gani a hannun wani Bature mai aikin gandun daji. Ya ce baki ɗaya ya zama siriri don sara, ɗaya mai kauri don faskare, ƙotar kuma ta kai masa ƙugu. "In ka ga an shafe shi da fenti, ka bar musu kayansu," in ji shi.

Mun tsaya a shinge goma sha ɗaya kafin Legas. Washegari na hau jirgi, muka ya da zango sau ɗaya, muka sauka Hong Kong. Daga nan jirgin ƙasa, awa biyu da 'yan mintoci.

Guangzhou, kwana biyun farko

Wanda ya tare ni shi ne Alhaji Isiyaka, mutumin zangon Kumasi, mai loda wa 'yan kasuwa kaya a kwantena. Wani abokina ne ya haɗa mu, ban taɓa ganinsa ba. Ya sauke ni a ɗaki hawa na shida, ya kawo taliya da naman rago daga wurin wasu Musulmin China. Yana jin yarensu sosai, kuma wannan ne ya hana ni sakin jiki da shi. Duk shagon da muka shiga a kasuwannin tufafi na Baima da Shahe, in ya yi dariya da mai shago, sai in ce a raina an yanka masa la'ada a kaina. Na sayi rigunan da suka kawo ni, amma idona na kan hannunsa.

Kwana na uku

Ƙarfe tara na safe muka shiga layin masu kayan ƙarfe. Shago bakwai na nuna zanen Yaya, amsa ɗaya: "Meyo." Babu ke nan. A na takwas wata tsohuwa mai gajeren gashi ta dubi takardar, ta shiga ciki, ta jawo akwati. Alhaji ya ce ragowar odar wasu Turawa ce, mutanen nan ba sa aiki da irinsa.

Gatura huɗu ne a ciki. Biyu jajaye masu sheƙi, na ture su gefe. Biyu baƙaƙe, mai kawai aka shafa musu. Na auna ƙota da ƙuguna, na shafa bakunan da babban yatsa, na duba ko jijiyar icen ta miƙe, na girgiza kan in ji ko yana motsi. Tsohuwar ta kawo guntun katako na gwada: siririn bakin ya shige, mai kaurin ya raba shi biyu. Na zaɓi ɗaya a kan yuwan casa'in da biyar, kuɗin ƙasarsu. Da suka juya baya na sa makulli na ja layi biyu a gindin ƙotar.

Ta kai shi ciki don ta naɗe. Ta daɗe. Na ji ana ƙwanƙwasa ƙarfe. Ta fito ta yi wa Alhaji doguwar magana, yana gyaɗa kai. Nan take ya duba agogo, ya ce ana loda masa kaya a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, ya tsaida mini tasi ya wuce.

A ɗaki na kwance ƙunshin. Babu layi ko ɗaya a ƙotar. An canja. Ranar ko abincin da Alhaji ya aiko ban taɓa ba. Ƙafar Mati kawai nake tunawa, da yadda Yaya zai ɗaga wannan abu a dajin da babu likita.

Kwana na huɗu

Ban gaya wa Alhaji ba. Na nuna wa direban tasi katin shagon da na karɓa jiya, minti ashirin da biyar muka isa. Na ajiye gatarin a gaban tsohuwar, na nuna gindin ƙota, na ja layi biyu a iska, na ce, "Lawban, meyo," wato mai shago, babu. Iyakar abin da na iya ke nan.

Ba ta nuna ɓacin rai ba. Ta duƙa ƙarƙashin tebur ta ɗauko nawa mai layi. Ta rataye su biyun da igiya, ta bugi kowanne da ƙusa. Wanda ta ba ni ya yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa. Wanda na zaɓa ya ce ƙwas, ya yi shiru. Sai ta goge shi da kananzir, ta shafa alli kusa da ramin ƙota. Muna tsaye wani siririn layi ya fito a cikin allin, tsawon rabin yatsa. Tsaga ce. Ta ɗora ɗan yatsanta a kai, sannan ta nuna ƙafata.

Na ce "shiye-shiye", wato na gode, ya fi sau biyar. Ta koma kan shayinta.

Da la'asar na gaya wa Alhaji duk abin da na yi, har da zargin da na ɗora masa. Ya ce ai ta faɗa masa jiya, saurin Huangpu ne ya mantar da shi. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam Habu, tun da ka sauka kake ƙirga mini yatsu. Ko da na faɗa maka, da ka yarda?" Na ce gaskiya da ban yarda ba.

Gida

Na naɗe gatarin a bargo cikin babbar jaka. Sau uku aka sa na buɗe ta a hanya, kowane jami'i ya juya shi yana kallona, ina cewa na yayana ne. Na iso Kano ranar Laraba ƙarfe biyar na yamma.

Yaya bai ce ya yi kyau ba. Ya kankare man da wuƙa, ya leƙa ramin ƙota, ya kira Mati ya ce masa ya tsaya daga nesa, sannan ya sauke shi a kan kututturen marke sau goma sha biyu. Ya duba bakunan biyu, babu inda ya lanƙwashe.

"Wa ya zaɓa maka?" ya tambaya.

Na ce wata tsohuwa.

"Na san dai ba kai ba ne."

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Alhaji Isiyaka da ya yi haƙuri da ni, da kuma tsohuwar nan da ban ko tambayi sunanta ba.